Amawalin Baba Jima

Goron da Mu'awiya ya aika gidan su Mansura ya dawo ranar Asabar a ɗaure yadda ya tafi. Ko igiyar ba a taɓa ba.

Malam Rabi'u, mai gidan da yake haya, shi ya kai, shi kuma ya maido. Ba don komai anka aiki mai gidan haya neman aure ba sai don Mu'awiya ba shi da kowa a ƙasar Adar. Mutumin Tasawa ne. Uwa da uba sun rasu, ƙanwarsa guda tana aure can Agadas, sai dai murya a waya ranar salla.

Tsohon ya iske shi a babban ɗakin da yake koyar da judo a Madawa. Ɗalibai sun watse, yana naɗe tabarmin roba shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya.

"Sun karɓe mu da mutunci," in ji Malam Rabi'u. "An ba mu hura, an ba mu shayi. Amma da na hwaɗi sunanka da aikin da ka yi da, sai uban ya ce in ɗauki kayana tun rana ba ta yi zahi ba."

"Bai ce don me ba?"

"Ya ce kai ka sani."

"Ni?"

"Haka ya ce. Metir, mi ka yi wa mutanen ga?"

Mu'awiya ya tsaya riƙe da tabarma, ya duba cikin ransa sama da ƙasa bai ga komai ba.

Shekara goma sha uku ya yi yana jandarma. Tun a makarantar horo a Yamai anka gane hannunsa yana da sauri, wani tsohon malami ya ja shi ya koya masa judo har ya ɗaura baƙar ɗamara. Daga baya shi ya koma yana nuna wa sababbi yadda ake kama mutum a kwantar da shi ba a karya shi ba. Ya yi aiki a Buza, ya yi a Kaita, ya yi a gabas. Can ne motarsu ta kife da su, gwiwarsa ta hagu ta lalace, anka sallame shi. Da ya rasa inda zai nufa sai ya sauka Madawa da jaka guda, ya buɗe wurin koyarwa. Mutanen gari na kiran abin kokowar Japan, shi kuma suna kiransa Metir, wato malami da Faransanci.

Suna gaishe shi, suna kawo masa 'ya'yansu. Amma in ya iso majalisa, hira takan sauya. Kaki ya cire shekara huɗu, har yau a jikinsa mutane ke ganinsa. Tuwonsa na dare a kwano yake sayowa, ya ci yana kallon bango.

Mansura ce ta fara yi masa magana kamar mutum. Ungozoma ce a asibitin gari, bazawara, mijinta ya rasu a wajen neman kuɗi a Libiya. Shekara guda ke nan suna tare da niyyar aure.

Ya ɗora buhun goron a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kai ɗaki. Ya rasa inda zai ajiye shi idonsa bai gani ba.

* * *

Da la'asar ɗin Litinin ta zo. Ta cire takalma a bakin ƙofa yadda ta ga ɗalibai na yi, ta zauna kan bencin da iyaye ke jira. Idanunta sun kumbura.

"Daga gida nike," ta ce. "Kwana biyu ina kuka kahin Baba ya buɗe baki."

"Me na yi masa, Mansura? Ko ganinsa ban taɓa yi ba."

"Ka gan shi."

Ta ja bakin mayafi ta share hanci.

"Ka tuna wani baraj, shingen bincike, da kunka yi bisa hanyar Tabotaki ranar kasuwa, shekara tara da sunka wuce?"

"Mun tare hanyar nan ya fi sau ɗari."

"Kuna neman wani ɓarawon shanu mai tabo ga haɓa."

Sai abin ya faɗo masa. Ya tuna zafin ranar, da motocin kasuwa jere har bayan dutse, da shugabansu yana ta cewa a yi sauri. Kowane namiji sai an ga haɓarsa. Masu rawani suna nawa, wannan ya ce a dakata, wancan ya juya baya. Shi kuwa yana da shekara ashirin da bakwai, ga hannun da ya saba cafke wuyan riga kafin mutum ya ƙifta ido. Ya bi layi yana fizge amawali, ya duba, ya wuce.

To, mutanen garin su Mansura manoma ne, gero da dawa, Hausa suke yi kamar kowa. Sai dai kakanninsu sun daɗe ƙarƙashin Abzinawa, daga can sunka gaji rawani. Amawali, wato gefen rawanin da ke rufe hanci da baki, ga dattijonsu ba ado ba ne. Ko ruwa zai sha cikin mutane, ta ƙarƙashi yake cusa moɗa. Mu'awiya ɗan birni, ina ya san wannan a lokacin?

"Baba na cikin layin," in ji Mansura. "Kakana, uban innata, yana tsaye kusa da shi, da kawunnena biyu. Ka ja ma Baba amawali har ƙirji. Yana da giɓi, wani direba ya yi dariya, wasu sunka taya shi. Ka ce 'wuce'. Ko kallonshi ba ka sake yi ba."

"Innalillahi."

"Ya ji anka kira sunanka. Shekara tara bai sake taka kasuwar Tabotaki ba, Metir. Geronshi aikawa yake a sayar mishi. Kakana ya rasu ba su sake zama tabarma guda ba. Mu 'ya'ya muna cewa tsuhwa ce ta sa shi ƙin mutane, ashe kai ne."

Ta fashe da kuka. Ya miƙa hannu, ya tsayar da shi a hanya, ya mayar kan gwiwarsa.

"Aiki ne aka sa mu," ya ce a hankali. Da ya ji yadda maganar ta fito sai kunya ta kama shi. "A'a. Ba wanda ya ce in ja da hannuna. Ni na ga ya fi sauri."

"Ga Faruƙ kuma," ta ce.

Faruƙ ɗan kawunta ne, mai kai albasa Abijan. Tun fitarta daga takaba yake aike neman aurenta.

"Mutanenshi za su zo ranar Juma'a. Dangi duk sun koma bayanshi. Inna ta ce in na auri wanda ya tozarta ubana kada in sake kiranta uwa. Ni bazawara ce, na san ba mai ɗaura mini aure dole. Amma ba ni shiga ɗakin da Baba bai sa ma albarka ba. Na yi aure guda na ga yadda duniya take, ba ni iya na biyu ba uba a bayana."

"To shi ke nan kenan?"

"Ya yarda ya gan ka. Laraba da hantsi."

Ya ɗago kai.

"Saurara da kyau. Gwaggo Biba ta ji suna shawara. Su uku za su zauna, shi da 'yan'uwanshi biyu, kowa a rufe. Za su ce ka nuna wanda ka taɓa. In ka gane shi, Baba ya ce ka san ka yi laihi, a duba maganarka. In ba ka gane ba..."

Ta haɗiye sauran.

"Ban tuna fuskarsa ba, Mansura. Wallahi ko ɗaya."

"Na sani. Don haka na zo." Ta matso, ta rage murya ko da yake ba kowa a ɗakin. "Yana da zoben azurhwa mai jan dutse ga ƙaramin yatsa na hagu. Shi kaɗai ke da shi cikinsu. Ka duba hannu, ka nuna shi, ka durƙusa. Shi ke nan."

"In yi masa ƙarya."

"Ka ba shi abin da ya shekara tara yana jira. Mi ya rage ka? Metir, ni ban taɓa roƙon ka komi ba."

Ta tashi ta sa takalmanta. A bakin ƙofa ta waigo.

"Jan dutse. Hannun hagu."

Ya daɗe zaune bayan tafiyarta. Fararen rigunan ɗalibai na rataye a igiya, iska na kaɗa su kamar mutanen da ba su da kai.

* * *

Ranar Laraba ya sa farar shadda da hula, ya hau moto. Daga Buza ya bar kwalta ya kama hanyar tsakuwa tsakanin tuddai. An gama girbi, gonaki sun koma kara da dutse. Gwiwar na yi masa zugi a kowane rami.

A ƙofar gidan wata tsohuwa gajera mai kaifin ido ta tarbe shi. Gwaggo Biba ce, ƙanwar Baba Jima, uban Mansura.

"Kai ne jandarman? Na zaci za ka hi haka girma." Ta dube shi daga hula har takalmi. "Shiga. Ka bar ƙarhinka nan waje, ba mai kokowa da kai."

Rumfa ce ta karan dawa. Dattawa uku zaune kan tabarma, manyan riguna, rawuna baƙaƙe masu sheƙin baba, ba abin da ke waje sai idanu. Butar shayi na kan gawayi a gabansu.

Tun daga bakin rumfa ya ga zoben. Na gefen dama ne ke da shi, ya ɗora hannun bisa gwiwa.

Ya cire takalma, ya durƙusa, ciwon ya harbe shi har ƙugu bai nuna ba. Anka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, gajiya, sanyi, labarin Madawa. Na tsakiya ne kaɗai ke amsawa, Maiguwa, babban wansu.

"To, ɗana," in ji Maiguwa. "Ka zo neman ɗiyarmu, mun ji. Amma akwai tsohuwar magana a tsakani. Ga mu uku. Guda cikinmu ka sa ma hannu bisa hanyar Tabotaki. In ka san shi, nuna shi ka roƙe shi gahwara. Wanda ya riƙe laihinshi a rai, ana iya zama da shi."



Allah sarki. Yatsa ɗaya kawai zai ɗaga. Ya tuna ɗakinsa, da kwanon tuwo, da buhun goro a bayan ƙofa. Ya tuna yadda Mansura ke dariya in ya ce mata gwiwa ta warke. Hannunsa na dama har ya fara tashi daga kan cinya.

Sai ya lura hannun mai zoben yana rawa. Kaɗan-kaɗan, tsohon na danne shi da ɗaya hannun. Idanun da ke saman amawalin sun kafe shi, ba fushi a cikinsu, jira ne kawai. Mutumin nan so yake ya san ko wanda ya yi masa abin ya ma gan shi.

Mu'awiya ya mayar da hannunsa.

"Baba, ban san ko wane ne ba."

Maiguwa ya gyara zama. "Duba dai da kyau. Ba mu gaggawa."

"Ko na kwana ina dubawa ba zan tuna ba. Ranar nan na sauke amawali ya fi na mutum arba'in. Ba fuska nake kallo ba, haɓa nake nema. Da na ga ba tabo sai in ce a wuce. Da yamma na ci abinci na yi barci, ban sake tuna abin ba sai shekaranjiya da aka gaya mini. Yanzu ina koya wa 'ya'yan mutane kada su taɓa abokin karawa sai sun sunkuya sun gaishe shi. Ni kuwa na taɓa dattijo ban gaishe shi ba, ban ko dube shi ba. Duk wanda na yi wa a cikinku, da sauran da ba su nan, ina roƙon gafara. Amma ba zan ce na tuna ba."



"Arba'in," in ji mai zoben. Muryar siririya ce, a dushe. "Ni kullum ina cewa ni kaɗai ne. Ina cewa wani abu ka gani gare ni."

"Ban ga komai ba, Baba."

"Ba ka ga komi ba."

Shayi ya tafasa ya zubo kan gawayi. Sannan tsohon ya ɗaga hannu, ya sa yatsa biyu, ya sauke amawalinsa da kansa har ƙasan haɓa. Ga farin gemu, ga kumatu sun faɗa, ga giɓin. 'Yan'uwansa biyu sunka sunkuyar da kai.

"Ni ne Jima. Dibe ni yanzu."

Mu'awiya ya dube shi, hawaye na zuba.

Baba Jima ya zuba shayi a ƙaramin kofi ya miƙa masa, ya zuba wa kansa, ya kurɓa a fili baki buɗe.

"Ka yi gaskiya, jandarma. Abin da ya wuce na bar ma Allah, ba ni riƙe da kai. Sha shayinka. In ka koma ka gaida Malam Rabi'u, mutumin kirki ne."

Shayin nan, tun da Mu'awiya yake bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Ya yi godiya, ya sake godiya, ya fito da baya-baya. Ji yake kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

* * *

Gwaggo Biba na tsaye gefen motonsa. Ta ga abin da ya faru ta kafar zana.

"Murmushi kake?"

"Ya yafe mini, Gwaggo. Har fuskarsa ya nuna mini da hannunsa."

Tsohuwar ta kama haɓa ta daɗe tana kallonsa.

"Kai dai baƙo ne har gobe. Yahewa kam ya yahe. Amma a nan mutum ba ya buɗe baki gaban surukinshi, ɗan nan, ko kan gadon mutuwa. Da zai ba ka ɗiya, ja zai yi ya ƙara ruhewa har ido. Wanda anka sha shayi gabanshi haka, mai wucewa ne. Sallamar ka ya yi."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya waiga rumfar. Dattawan sun riga sun tashi, tabarma kawai ta rage.

"Mansura na gindin gawon bakin gari," in ji Gwaggo Biba. "Tura moton, kada ka tayar. Uwarta na da kunne."

Ya tura har bayan rumbuna. Mansura na tsaye jikin itacen, ta harɗe hannuwa. Ba sai an gaya masa ta ji ba.

"Ba ka ga zoben ba?" ta ce.

"Na gan shi tun daga ƙofa."

"Ka gan shi."

"Na gani."

"To don mi, Metir? Don mi?" Hawaye sunka ɓalle mata. "Na taka ƙahwata na zo har wurinka. Na saci asirin ubana na ba ka. Ka san abin da Inna za ta yi mini in ta ji? Yatsa guda za ka ɗaga. Da yanzu ana maganar sa rana."

"Hannunsa rawa yake, Mansura. Da na nuna shi zai gaskata ni. Zai ba ni ke a kan na tuna shi, in zauna shekara da shekaru ina gaishe shi a kan haka. Na ɗauke masa abu sau ɗaya ban tambaye shi ba. Na kasa yin na biyu."

"Ni hwa? Ni ba ka ga nawa hannun na rawa ba?"

Wata mata ta wuce da jaki da jarkunan ruwa, sunka yi shiru har ta yi nisa.

"Ka hita da mutuncinka," in ji Mansura. "Baba ya samu nashi. Kowa ya tashi da abinshi, ni anka bari tsaye bakin hanya."

"Zan dawo. Zan sake aiko da Malam Rabi'u, ko sau goma ne."

"Baba ba ya sauke amawali ya mayar. Ban taɓa gani ba."

"To in bar garin? In hakan zai sauƙaƙa miki, in tattara in koma gabas."

"Kada ka sake yanke mini abu ba ka tambaye ni ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta goge fuska da bayan hannu, ta gyara mayafinta.

"Jibi mutanen Faruƙ za su zo. Baba ya ce tun da ni ba yarinya ba ce, gaban kowa za a tambaye ni, in amsa da bakina."

"Me za ki ce musu?"

Ta dube shi, kallon da bai iya karantawa ba.

"Yau ka hwaɗi gaskiyarka ba ka dube ni ba. Jibi ni ma zan hwaɗi tawa."

Ta juya ta bi ta tsakanin rumbuna. Ya tsaya riƙe da kan moto yana jiran ta waigo, har mayafinta ya ɓace a bayan zanan gidansu.